Waccan Mai Kiwon Ɓeraye

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. A ƙauyenmu, can bayan Minjibir inda gonar wannan ke manne da ta wancan, wannan ba abin magana ba ne. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta ambatonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma da an yaye shi sai kaka ta ɗauke. Ni ma haka aka yi mini. Na buɗe ido na gan ni a ɗakin kakata ta wajen uba, dangar kara ce kaɗai tsakaninmu da sashen Inna. Ina jin ta tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen shagwaɓa, amma in aka zo kaina sai ta ce “waccan”. Ko ina zaune dab da ƙafarta, ni waccan ce.

Ina da taurin kai tun ina ƙarama, na kuma sha ɗana mata tarko. Nakan laɓe a bayan rumbu lokacin cin tuwo don in ga ko za ta kira ni. Sai kawai ta ce da ɗaya daga cikin ƙannena ya je ya gaya wa mai laɓe a bayan rumbu cewa kunama ma a nan take hutawa. Akwai wata yarinya a maƙwabta mai suna irin nawa, ita ma abin ya shafe ta, domin “mai sunan waccan” Inna take ce mata har aka kai ta ɗakin miji. Kakata takan yi mini dariya ta ce in daina wahalar da kaina, uwata 'yar mutunci ce, ko wuta ce ta kama zanina ba za ta kira ni ba, sai dai ta sheƙa mini ruwa. Na san gaskiya ta faɗa, amma sanin bai taɓa rage mini kwaɗayi ba. So nake in ji yadda sunana zai fito daga bakinta, ko da sau ɗaya ne.

Da na girma na haifi nawa ɗan farin, sai na riƙa ramawa. In na kawo shi gida nakan tsaya a tsakar gida in ƙwala masa kira da cikakken sunansa, ko yana gabana. Inna takan girgiza kai ta ce da duk wanda ke kusa, 'yan zamani kam an wanke musu ido da sabulu. Sannan ta janyo yaron ta ɗora a cinya, ta yi ta kiransa mijinta tana tura masa ƙuli-ƙuli a baki, ni ina gefe ina kallo kamar wadda ta rako shi.

Allah ya nufe ni da karatu, na wuce birni, na ƙare a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ina neman babban digiri. Aikina kuwa da fararen ɓeraye ne, masu jan ido, keji-keji. Muna binciken abin da ke jawo gigin tsufa, ciwon nan da mutum zai riƙa mance hanyar gidansa da fuskokin 'ya'yansa alhali ƙafafunsa na ɗaukarsa. A ƙwaƙwalwar mai irin wannan ciwo akwai wani sinadarin jiki mai suna furotin da ke naɗewa ba daidai ba, ya riƙa dunƙulewa kamar gudaji a kunu, ya hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa isar da saƙo ga juna, daga baya su mutu. Ba za a buɗe kan mutum mai rai a duba ba, shi ya sa ɓera ke ɗaukar mana wannan nauyi. Mukan ba wasu daga cikinsu wani sinadari da zai taɓa musu ƙwaƙwalwa, mu bar wasu da lafiyarsu, mu gwada tunaninsu. Daga ƙarshe mu yayyanka ƙwaƙwalwar, kowane yanki bai kai kaurin ɓawon albasa ba, mu rina shi a kan gilashi, mu duba a madubi mai ƙara girman abu.

Gwajin tunanin ba wuya gare shi ba. Za a sa ɓera a akwati tare da abubuwa biyu iri ɗaya, a ce murafun kwalba, ya shinshina iya son ransa. Bayan an ɗauki lokaci sai a mayar da shi, an cire murfi ɗaya an sa wani sabon abu, kamar ɗan ƙaramin kwano. Lafiyayyen ɓera ba ya ɓata lokaci a kan tsohon murfin, ya riga ya san shi, sai ya share shi ya nufi sabon. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu kuwa sai ya yi ta shinshinar tsohon kamar yau ya fara ganinsa. Nawa aikin shi ne in zauna shiru da agogo a hannu, ina lura da abin da ya kula da abin da ya share.

Shekarun nan ba su zo wa kowa da sauƙi ba. Kuɗin mota ya tashi, taki ya gagari talaka, gidaje da yawa a ƙauyenmu suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, rumbu kan ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. A jami'a kuma yajin aiki ne wata da watanni, wuta sai ta ga dama, man janareta sai mun yi karo-karo. A irin wannan hali ne labari ya isa gida cewa 'yarsu da ta yi boko har ta ƙoshi, ɓeraye take ciyarwa. Ranar da na je, Inna tana tankaɗe, ƙanwata na kusa da ita, wato autarmu wadda ke aure a unguwar kuma kullum tana gidan. Inna ta ce da ita ta tambayi waccan ko da gaske ne. Na ce da ƙanwata ta gaya wa Inna da gaske ne, har awon abinci ake yi musu, ruwansu ma sai mai tsabta. Inna ta ce to madalla, ita ta ƙare ƙuruciyarta tana yaƙi da ɓarayin nan a rumbu, ashe uwar ɗakinsu ta haifa, a tambaye ni ko suna yin kuɗi in babbar sallah ta matso. Haka muke hira ni da ita, ƙanwata a tsakiya kamar tafinta.

Da zan koma, ƙanwata ta biyo ni bakin hanya da wani ƙullin buhu. Dusa ce da ɗan tsakin dawa. Ashe Inna ta ji na ce abincin ɓerayen ya yanke saboda yajin aiki, shi ne ta rage daga rabon awakinta. Saƙon da ta haɗo shi ne a gaya wa waccan duk abin da ka tsare a keji haƙƙinsa yana wuyanka, ko da ɓarawo ne. Daga nan duk zuwan da na yi sai na koma da ƙullin dusa. A motar Minjibir mutane kan tambaye ni ko tumaki nake kiwo a birni, ni kuma in ce musu e.

Ciwon a hankali ya shigo mata. Yau gishiri sau biyu a miya, gobe ta idar da azahar ta sake ɗaura alwala za ta yi azahar. Ƙanwata ta ɗauka tsufa ne kawai, ni ma na so in ɗauka haka. Sai ranar da ta tafi tsinkar yakuwa a gonarmu ta bayan gari, gonar da ta shekara da shekaru tana kai abinci, ta kasa gane hanyar dawowa. Wani mai shanu ne ya rako ta, tana ta yi masa faɗa wai an sauya wa gonaki wuri. Daga nan ta fara ajiye wa Baba tuwo a akushinsa, shi da ya daɗe da rasuwa. Mutanen gari kowa da abin da ya hango, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Aka yi rubutu ta sha, aka yi tofi, ban hana ba, ni ma ina tofa nawa. Muka kai ta asibiti a birni, likita ya yi mata tambayoyi, sannan ya gaya mini cikin ladabi abin da nake gani kullum a kan gilashi. Na fito ina jin haushin kowa, har da shi bawan Allah da bai yi mini komai ba. Na san sunan abin da Turanci, na san launin da yake yi in an rina shi, amma ba ni da ko cokali ɗaya na abin da zai warkar da ita.

Wata Asabar da hantsi na yi sallama na shiga, ina jiran in ji an ce a shimfiɗa wa waccan tabarma. Sai Inna ta miƙe da kanta ta shimfiɗa, ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta dube ni ido cikin ido. Sai ran nan na san idonta yana da ɗan ruwan ƙasa.

“Sannu da zuwa, baƙuwa. 'Yar gidan wa ce ke?”

Ƙanwata ta buɗe baki za ta gyara mata, na girgiza mata kai. Na ce daga birni nake. Nan da nan fuskar Inna ta washe. Ta ce ai ita ma tana da 'ya a birni, 'yar farinta, ko na san ta? Sai ta faɗi sunana. Haka kawai ta faɗe shi, ba gargada, kamar kullum tana faɗa. Shekara da shekaru ina ƙiyasta yadda zai fito, ashe duk ban dace ba, a bakinta ya fi gajarta kuma ya fi taushi. Na ce mata ban ji ba, ta maimaita, alhali na ji sarai.

Ran nan na sha labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce 'yar tata akwai kai, sai dai taurin kan ubanta ta kwaso duka. Ta ce da aka yaye yarinyar aka kai ta ɗakin kaka, ita takan ɗauki faifan wake ta zauna a jikin danga wai tsinta take yi, nan kuwa muryar yarinyar take saurare. Akwai wani wuri da karan ya ɗan buɗe, ita ce ta buɗa shi da yatsa, ba wanda ya sani. Ta ce lokacin da yarinyar ta yi ƙyanda, yini ta yi tana zagaye dangar kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta ce in 'yar banzar ta laɓe a bayan rumbu, sunan kan zo mata har kan harshe sai ta haɗiye shi da yawu. Tana faɗi tana dariya, hannunta na kan gwiwata. Can ta ce kitsona ya tsufa, in kwanto ta tsefe mini. Na kwanta a cinyarta, ina mace mai 'ya'ya, hawaye na bin gefen kunnena yana jiƙa mata zani. Ta ce in yi haƙuri, dama an sha gaya mata hannunta da zafi.

Na ji daɗin zama baƙuwa, ba ƙarami ba. Duk makon da na sami halin mota sai in zo in zauna, in yi ta jan ta da hira har ta gangaro kan 'yarta ta birni. Ƙanwata takan tsokane ni wai na zo rama shagwaɓar da aka hana ni, da furfurata ta fara leƙowa. Amma hirar ba ta tsaya inda nake so ba. A hankali ta fara ƙarewa da tambaya. Inna takan ce 'yar nan tata ta daɗe ba ta zo ba, ko ɓerayen ne suka riƙe ta, ko kuwa fushi take yi? Ta ce tsoronta kada yarinyar ta ɗauka ba a son ta, tunda ba a taɓa gaya mata ba, su kuma 'yan boko sai an faɗa musu abu da baki suke ganewa.

“In kin koma ki nemo mini ita,” in ji ta wata rana. “Ki ce Innarta na cigiya. Ta zo, ko ba za ta kwana ba.”

Na ce, “Inna, ni ce. Ga ni a gabanki.”

Ta dube ni da tausayi, ta shafa mini kumatu, ta ce Allah ya yi mini albarka, ni yarinyar kirki ce, amma ita ta san 'yarta. Da na nace sai ta tsorata, ta janye hannunta, ta shiga neman takalmanta wai za ta tafi gida. Ban ƙara nacewa ba. Tun daga ranar, in zan tafi takan rako ni har ƙofar zaure, ta tsaya tana leƙen hanyar da mota ke sauke mutane, tana duban bayana ko wata za ta ɓullo.

Abin da na yi ta nema tun ina yarinya ga shi na samu har ya ishe ni, ga uwata kuma zaune da kewar 'yar da take zaton ta guje ta. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ta manta ni, zan iya jurewa, na san ciwo ne. Amma ta koma ga Allah tana ganin ƙin zuwa na yi, wannan kam na rasa inda zan ajiye shi.

A wurin aiki na zama mai saurin hawa. Nakan zauna gaban akwati ina kallon ɓera yana shinshinar murfin da ya riga ya sani, yana ɗaga hanci kamar ya yi baƙo, sai in manta da agogon da ke hannuna. Malamina, wani dattijo mai sanyin hali, ya lura. Na tambaye shi, ba da wani ladabi sosai ba, yaushe duk wannan zai zama magani. Ya ce shi ma bai sani ba, wataƙila jikokinmu su amfana, wataƙila ma abin da muke bi ba shi ne bakin zaren ba, domin ɓera ba mutum ba ne, hanya kawai yake nuna mana. Na ce masa ni uwa gare ni, ba jika ba. Sai ya karɓi agogon ya ƙarasa mini gwajin ranar. Ba a jima ba aka ɗauke wuta aka ƙi dawowa da ita, man janareta ya ƙare, duk abin da muka daɗe muna tarawa a firiza ya narke ya lalace. Cikin abokan aikina har da masu kuka. Ni kuwa na wanke gilasaina, na zuba wa ɓerayen da suka rage dusa, wadda ƙanwata ta ci gaba da ƙullo mini bayan Inna ta daina tunawa, na kama hanyar gida.

Lokacin girbin gero ne. Dammunan shekarar ba su kai na da ba, amma ƙamshin sabon hatsi ya cika gari. Inna ta rame ƙwarai, ta daina tashi sai an ɗaga ta, magana ma sai jefi-jefi. Na same ta kwance a tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida, ƙanwata na gefenta tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama na durƙusa, na shirya zama baƙuwa kamar kullum. Inna ta ɗago ido ta dube ni. Kallon bai daɗe ba. Sai na ga ta sauke ido, ta lalubi gefen mayafinta ta ja shi kan fuskarta, ta juya a hankali ta ba ni baya.

Ƙanwata ta ce in yi haƙuri, yau tun safe ba ta son mutane. Ni ma haka na zata, har na miƙe zan kai jakata ɗaki. Sai muka ji muryarta ƙasa-ƙasa daga cikin mayafi, kuma ba da ni take ba.

“Auta, ki ba waccan ruwa, ta sha hanya.”

Ƙanwata ta saki gyaɗar da ke hannunta, muka dubi juna. Har mun ɗauka barci ya kwashe Inna, sai ta ƙara da cewa, “Ki tambaye ta, ɓarayin nata suna nan?”

Na ce da ƙanwata ta gaya wa Inna suna nan lafiya, sun cinye dusar, suna gaishe ta. Ƙanwata ta maimaita kalma-kalma yadda muka saba, ko da yake tsakanina da Inna bai kai kamu ɗaya ba. Inna ta ce a gaya wa waccan ta daɗe ba ta zo ba. Na ce a gaya mata na yi laifi, ba zan ƙara ba. Ta ce to.

Na sha ruwan, na zauna a bayanta a gefen tabarmar har aka kira la'asar, ina kallon yadda numfashinta ke ɗaga mayafin. Ban taɓa ta ba, ita ma ba ta juyo ba. Can na tuna da tsohon murfin kwalbar nan da lafiyayyen ɓera ke sharewa don ya riga ya san shi, dariya ta kufce mini ina cikin hawaye, ƙanwata ta harare ni. A rayuwata ban taɓa jin daɗin zama irin na wannan yinin ba, kuma na san ba zai daɗe ba.

Washegari da safe na kai mata kunu. Ta dube ni ido cikin ido, ta yi mini sannu da zuwa, ta kama hannuna. Na san mun koma gidan jiya, na zauna ina jiran cigiyar da ta saba. Sai ta yi murmushi.

“Kin makara, baƙuwa. Da jiya kika zo, da kin ga 'yata.” Ta faɗi sunan. “Ta zo. Ban dube ta sosai ba, kin san bai dace ba, amma ta rame. In kin gan ta ki ce ta riƙa cin abinci.”

Na ce zan gaya mata.

Inna ba ta ga girbin dawa ba. Yanzu mutane da yawa ne ke kiran sunana, ɗalibai har Dakta suke sa mini a gaba, ina kuma amsawa. Amma tun daga wannan shekarar ba wanda ya ƙara ce mini waccan.